'Yar Mudi

Tun da aka kafa Ƙarfi ba a taɓa yin taro irin wanda Mudi Mai-rumfa ya shirya a gonar Shitu ba, kuma ba a sa ran za a sake. Mutum ɗari shida da arba'in suka zauna a fili ɗaya, babu wanda ya suma, babu wanda aka zaga, aka buɗe da addu'a ƙarfe goma, aka watse kafin azahar. Wannan adadi daga bakin Mudi ya fito. Ba a sami wanda ya musa ba, domin ban da shi babu wanda ya ƙirga.

Mudi mutumin Dayi ne. Ubansa goro yake sayarwa a bakin titi inda motoci ke tsayawa, kuma a garin da kowa ke da ko da kunya goma ta dawa, gidansu ne ba su da gona. Uban yakan ce goro ba ya jiran ruwan sama. Mudi ya tashi ya iya yayyafa wa huhun goro ruwa, ya iya gane fasinjan da zai saya tun kafin ya sauko daga mota, amma bai taɓa riƙe fartanya na tsawon yini guda ba. A lokacin babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin naƙasa.

Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya koma Funtua, ya kama aiki wurin Kazeem, wani Bayarabe haifaffen garin mai ba da hayar rumfa da kujerun roba. Shekara tara yana kafa rumfa yana kwancewa. A cikin shekarun nan ya lura da abu ɗaya: kujerun da aka kai walimar da aka yi wata ana yabo, su ne dai aka kai taron da aka tashi baram-baram. Ashe ba a kujera abin yake ba. Ya ajiye aikin, ya kama ɗan shago kusa da tasha, ya sa aka rubuta masa allo: Mudi Mai-rumfa, Ƙwararre a Shirya Taro. Rumfar kuwa har yau wurin Kazeem yake haya.

Ƙa'idojinsa ba su da yawa, kuma bai taɓa rubuta su ba. In ana sa ran mutum ɗari, kujera saba'in yake jerawa, domin kujerar da babu kowa a kanta zagin mai taro take yi, mutum a tsaye kuwa yabo ne. Lasifika titi take fuskanta, tun da wanda ya riga ya zauna ba ya bukatar kira. Ba ya sa taro ranar kasuwar Danja ko da gwamna ne ya roƙe shi, kodayake gwamna bai taɓa roƙonsa ba. Malamin da zai buɗe da addu'a, tun ana gobe taro ake kai masa gaisuwa, a sanar da shi cikin ladabi cewa akwai wani malamin da zai rufe, don kada ya ƙarar da addu'o'in duka. Babu mai jawabin da ke wuce minti goma. In ya wuce, Mudi ba ya karɓe makirufo, ba ya tari, ba ya duban agogo. Hular kansa kawai yake gyarawa. Matarsa Hajo, wadda ke yin abincin tarukansa, ta hango daga inda take, ta buɗe kulolin shinkafa. Ba a taɓa samun jawabin da ya rayu bayan wannan ba.

Ƙa'idar da ya fi riƙo da ita ita ce ba a barin taronsa hannu rabbana. Ko sabulu ne, ko biro, sai mutum ya je gida da abin da zai nuna.

Abin da ya yi suna a kai dai ƙirga ne. Kamfanoni suna son takardar sa hannu, shi kuwa ya daɗe da sanin halinta. Manomi yakan rubuta sunansa, ya rubuta na ƙanensa da ke Legas, ya ƙara da na ubansa da ya rasu bara, ko da wani rabo zai biyo baya. Saboda haka a tarukan ƙauye Mudi ya daina kai kujeru sai na manyan baƙi. Tabarmi yake shimfiɗawa. Babu mai hawa tabarma da takalmi, sai a tuɓe a jera a gefe, shi kuma ya bi layin yana ƙirgawa, ya raba biyu.

"Mutum yana ƙarya," in ji shi, "takalminsa ba ya yi. Ba wanda ke zuwa da takalmin mamaci."

Hajo tana da nata ma'aunin, kuma ba ta ga dalilin wahalar da yake sha ba. In kula ta dawo da ƙanzo kaɗai, taro ya yi. In ta dawo da shinkafa, 'ya'yanta su yi kwana biyu suna ci suna tsine wa kamfanin.

Da kamfanonin taki da na maganin feshi da na iri suka fara neman manoman yankin ido da ido, Mudi ya zama mutuminsu. Wanda ya fi ba shi aiki wani kamfanin iri ne mai hedikwata a Kaduna. Wakilinsu a yankin Uzoma ne, ɗan wani Ibo mai sayar da kayan babur. A Funtua aka haife shi, ya karanci aikin gona a Zariya, kuma Hausarsa ta kai inda yake gyara wa Mudi karin magana. Shekara huɗu suna aiki tare ba tare da wani ya tambayi abin da ke faruwa bayan an naɗe tabarmi ba.

A shekara ta biyar, tsakiyar damina, Uzoma ya zo shagon da wata mata mai tabarau, sabuwar shugabar sashen talla ta kamfanin.

"Sunanta Success," in ji Uzoma. "Wato nasara."

"Ka ga irin ta," Mudi ya ce. "Wasu nemanta suke yi, ni a mota aka kawo mini ita."

Uzoma bai fassara wannan ba. Matar ba ta jin Hausa, don haka ta bakinsa ta tambayi Mudi yadda yake gane taronsa ya ci nasara. Mudi ya yi bayanin takalma dalla-dalla. Ta saurara har ƙarshe, ta rubuta wani abu gajere a littafinta, ta yi magana.

"Ta ce takalman nan, guda nawa ne suka taka zuwa shagon dila daga baya?"

"Ka ce mata ni taro nake shiryawa, ba bin sawu ba."

"Ba zan faɗa mata haka ba, Malam Mudi."

"To ka ce mata da yawa."

"Ta ce nawa ne da yawa?"

Sai matar ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan kati ruwan ɗorawa mai lamba a jiki. A taron girbi da za a yi a Ƙarfi, in ji ta, duk wanda ya zo za a ba shi kati ɗaya. In ruwa ya sauka baɗi ya je sayen irin kamfanin a shagon Alhaji Mahadi, dilansu na Malumfashi, sai ya miƙa katin a ƙara masa ƙullin maganin iri kyauta. Ƙarshen watan Yuli za a ƙirga katunan da suka dawo. In sun kai ɗari, duk tarukan kamfanin na shekara mai zuwa, goma sha biyu daga Danja zuwa Dayi, na Mudi ne. In ba su kai ba, za a daina taro gaba ɗaya, a ba wasu samari a Kaduna da ke tura wa manoma saƙo ta waya.

"Saƙon waya," in ji Mudi. "Saƙon waya yana ba mutum shinkafa?"

"Ba ya ba shi. Shi ya sa take sonsa."

Tarukan nan goma sha biyu su ne fiye da rabin aikin Mudi na shekara, kuma su ne suka sa ake kiransa ƙwararre ba a yi murmushi ba. Duk da haka kati ɗari bai zame masa abin tsoro ba. Ya ce a buga ɗari bakwai.

Mako uku ya yi yana shiri. Ya gaishe da dagaci da masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka yi sanarwa bayan sallar Juma'a a masallatai biyar, ya ɗaura lasifika a bayan babur aka zaga ƙauyuka. Ya zaɓi ranar da babu kasuwa ko ɗaya a kusa. Gonar da za a yi taron ta Shitu ce, wani manomi mai ƙarancin magana, kuma a bakin hanya take. Tun farkon damina Uzoma ya raba ta biyu: rabi Shitu ya shuka irin masarar da ya gada, rabi aka shuka na kamfani, wanda malaman gona ke kira masara mai aure. Mudi ya sha jin wannan suna a tarukansa. Bai taɓa tambayar da wa ta yi auren ba.

Ranar taron takalmi dubu ɗaya da ɗari biyu da tamanin da ɗaya ya ƙirga, har da na mata da ke zaune a nasu tabarmin ƙarƙashin wata ɗorawa. Gudan da ya yi saura na wani mutumin Dayi ne da kunama ta harba a ƙafar hagu. Mudi bai sa shi a cikin adadin ba, don kada a ce ya yi ƙari.

A gaban kowa aka girbe kunya goma daga kowane rabi, aka ɓare, aka ɗora a sikeli. Na kamfani ya kusa ninka na Shitu. Kowane goyo ya kai damtsen yaro, ƙwaya ta cika har baki, layuka a jere kamar haƙora. Wani irin gunaguni ya bi tabarmin daga gaba zuwa baya, irin wanda manomi ke yi in ya ga abin da ba ya son a san ya burge shi.

Uzoma ya karɓi makirufo da abu huɗu a ransa. Ya yi bayanin tazarar shuka, ya yi na lokacin sa taki, ya yi na katin. Wani dattijo ya tashi ya tambaya ko tuwonta yana kwana, aka ci minti uku a kan wannan, domin wani dattijon ya ce ba tambayar da ta kamata a yi ke nan ba.

"Abu na ƙarshe," in ji Uzoma, "kuma shi ne ya fi kowanne. Wannan masara mai aure ce, saboda haka duk shekara sai..."

Minti goma ya cika. Mudi ya gyara hula. Hajo ta buɗe kula. Sauran maganar Uzoma ƙeyar mutane ya faɗa wa.

Bayan an ci abinci aka zo rabon tsaraba. Hular hana-salla ɗari biyu kamfanin ya aiko, domin a Kaduna babu wanda ya yarda da maganar kati ɗari bakwai. Kafin a ce kwabo sun ƙare, ga mutum ɗari huɗu da arba'in a layi suna kallon kwalin da babu komai. Kati dai an ba kowa, amma a wurin Mudi kati takarda ce, takarda kuwa ba tsaraba ba ce. Ya waiga ya ga tulin masarar da aka auna, ya ga sauran tana tsaye a gona. Ya nufi Shitu.

"Malam Shitu, masarar nan ta wa ce?"

"Tawa ce. Haka muka yi da su: iri nasu, gona tawa, amfani nawa."

"Ka taɓa ganin baƙo ya zo gonar mutum ranar girbi ya tafi haka nan?"

Shitu ya dubi layin, wanda ya kai har bakin titi.

"Baƙo ɗaya ake nufi, Mudi."

"Za a faɗi sunanka a lasifika. Sau uku."

Shitu ya sake duban layin.

"Da Alhaji a gaba," Mudi ya ƙara.

Shitu bai taɓa wuce Kano ba. Ya ce a raba.

Goyo biyu-biyu aka ba kowa. Waɗanda suka sami hula suka ga abin da ake rabawa, suka cusa hulunan a aljihu suka koma layi. Da tulin ya ƙare aka shiga gona. Success ta ji daɗin abin ƙwarai. Ta hau bayan motar kamfani ta sa aka ce kowa ya ɗaga masararsa sama, ta ɗauki hoto: mutum ɗari shida, hannu dubu da ɗari biyu, kowane hannu da goyo. Uzoma yana can bakin hanya yana rubuta lambobin katunan da suka rage. Da ya dawo an gama.

"Malam Mudi, wa ya ce a raba masarar nan?"

"Ƙa'ida ce ta ce."

"Ka san abin da za su yi da ita?"

"Su gasa wa yara."

"Busasshiyar masara? Lallai ɗan mai goro ne kai."

"To su rataye a ɗaki. Duk wanda ya shigo ya gani ya tambaya. Talla ke nan kyauta har ruwa ya sauka."

"Rataye ta kam za su yi," in ji Uzoma, ya tafi neman ruwan sha.

Cikin matan akwai wata da ake kira Tsohuwa tun tana jaririya, yanzu kuma sunan ya cim mata. Ita ba ta karɓi abin da aka miƙo mata haka nan ba. Ta jujjuya goyon, ta bi layukan ƙwayar da farce tana ƙirgawa, ta mayar da guda ta zaɓi wani. Mudi ya ga ta ɗaure su a haɓar zane da kyau, ya matsa ya gaishe ta.

"Inna, ta yi?"

"Wannan ba ta ci ba ce, ɗan nan. Allah dai ya kai mu damina."

Mudi ya ce amin. Ya ɗauki maganar a matsayin yabo, kuma yabon ne.

Da sabuwar shekara kamfanin ya buga kalanda da hoton. Mudi ya fito a gefen dama, rabin fuska da kunne ɗaya. Ya rataye ta a shago daidai inda mai shigowa zai fara gani.

Ruwa ya sauka ƙarshen watan Mayu. Mudi ya fara samun dalilan zuwa Malumfashi, kuma kowane dalili yakan bi ta shagon Alhaji Mahadi. A kan kanta akwai wani gwangwanin madara da aka huda wa murfi don katunan. Mudi ba ya taɓa shi. Benci yake zama a waje, yana kallon masu shiga. Manoma suna zuwa sayen taki da maganin ciyawa, kuma duk wanda ya gan shi sai ya washe baki.

"Mai taro! Kai, ranar nan an ci shinkafa."

"Madalla. Ina katinka?"

Mutumin ya zaro shi daga aljihu, an liƙe shi da leda tsaf kamar katin zaɓe. Magana ta zaga ƙauyuka cewa da shi za a karɓi takin gwamnati, don haka babu mai niyyar rabuwa da nasa. Ya nuna, ya mayar.

"Iri fa? Ba za ka saya ba?"

"Ai muna da shi. Kai ka ba mu."

Mutum na huɗu da ya faɗi haka ne ya sa Mudi ya hau babur ya nufi Ƙarfi, ya yi sallama a ƙofar Tsohuwa. Ta kai shi madafi ta nuna masa ƙusar da goyon suka yi rani a kanta, saman murhu, inda hayaƙi ke korar ƙwari. Da ruwa ya kusa ta sauke su, ta zubar da ƙwayar baki da ta gindi, ta gurje ta tsakiya kaɗai. Ta shuka bayan gida. Ta aika wa 'yarta da ke aure a Danja cikin tafin hannu, ta ɗiba wa maƙwabciyarta da ba ta sami zuwa taron ba.

"Inna, ai na shago ya fi yawa. Kilo biyu ne a leda."

"Wa ke sayen abin da bai gwada ba? A gani a bayan gida tukuna. In ta yi, a cikinta za mu cire na baɗi. Iri ba a sayensa in maƙwabci yana da shi, ɗan nan, roƙa ake yi. Kai a gidanku ba a faɗa maka ba?"

Mudi ya ce an faɗa masa, mantawa ya yi.

Mutumin da ya saba ƙirga ba ya rasa abin ƙirgawa. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kan babur, ƙauye zuwa ƙauye, yana tambayar wa ya shuka masarar taro. Ya sami gona ɗari huɗu da goma sha biyu, wasu har cikin ƙasar Danja inda lasifikarsa ba ta taɓa kaiwa ba. Ya sa aka buga masa rahoto shafi uku a kwamfuta, ya kai wa Uzoma. A ciki ya ce babu wani taro a tarihin kamfanin da ya shigar da iri gona ɗari huɗu a damina ɗaya, kuma wannan gaskiya ne.

Uzoma ya karanta har ƙarshe, ya ajiye, ya dafe kai.

"Malam Mudi, ka san abin da ake nufi da mai aure?"

"Wadda ba bazawara ba."

"Uba daban, uwa daban. Kamfani ne ke ɗaura auren duk shekara a gonarsa. 'Ya'yan fari kaɗai ke fitowa yadda ka gani a gonar Shitu. In ka shuka 'ya'yan nan, jikoki kowa kakansa yake ɗaukowa: wani dogo, wani gajere, wani ba ya ma goyo. Shi ya sa ake sayen sabo duk shekara."

"To me ya hana ka faɗa musu?"

"Na faɗa. Ka tambayi shinkafar Hajo, ita ta ji."

Duk da haka ya tura rahoton Kaduna, ya ƙara da 'yan kalmomi nasa na alheri. Amsar Success layi biyu ce. Ta gode da ƙoƙarin da aka yi, ta tunatar da cewa kamfanin sayar da iri yake yi.

A makon ƙarshe na Yuli an ga Mudi ya shiga shagon Alhaji Mahadi sau uku, ba a kan benci ya tsaya ba. Ranar talatin da ɗaya ga wata Uzoma ya zo ya buɗe gwangwanin, ya zazzage a kan kanta, ya ƙirga. Bai ɗauki lokaci ba. Bai kira Mudi a waya ba, da kansa ya je Funtua, ya zauna a shagon ƙarƙashin kalanda, suka yi gaisuwa mai tsawo, suka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce samarin Kaduna za su fara aiki watan gobe.

"Allah ya sa haka ne mafi alheri," in ji Mudi.

"Amin. Hoton dai har yanzu yana ofishinta."

"Na san zai yi."

Da kaka ta yi, masarar ta fito yadda Uzoma ya ce. Kunya ɗaya sai ka ga dogo da gajere kamar an tara 'yan aji ɗaya da 'yan aji shida a layi guda. Wani kara goyo biyu, na kusa da shi ganye kawai. Babu wanda ya yi asarar kirki, tun da kowa ɗan gefe ya ware mata, amma a awo ba ta kai irin gado ba. Manoma suka yanke hukunci ba tare da an kira taro ba: masara ce mai kyau a gaban jama'a. Sunan da kamfani ya sa mata, wasu haruffa da lambobi, babu wanda ya riƙe. 'Yar Mudi ake ce mata. Uzoma ya yi damina biyu yana bayanin aure da jikoki a ƙauyukan da suka riga suka gani da idonsu, daga ƙarshe kamfanin ya sauya wa irin suna da launin leda.

Sunan bai tsaya a masara ba. Yanzu daga Ƙarfi zuwa Danja, in babur ya yi ƙyalli a shago ya mutu a hanyar gida, ko atamfa ta zuba a wankin farko, sai a ce ai 'yar Mudi ce. Masu faɗa da yawa ba su san akwai wani Mudi ba. Shitu kuma har yau Alhaji ake kiransa.

Mudi ya koma walima da bikin saukar karatu da buɗe shagunan waya. Ƙa'idojinsa suna nan, sai dai ya ƙara guda: ba ya raba abin da zai iya tsiro. Yana ƙirga takalma kamar da. Hajo tana duba ƙanzo. Duk Litinin wayarsa takan yi ƙara da saƙon kamfanin, wanda ke farawa da "Ya kai manomi", domin lambarsa na cikin lambobin da ya ba kamfanin tun farko. Kalandar tana nan a bango, shekararta ta daɗe da wucewa. Duk wanda ya zo neman a shirya masa taro, sai an nuna masa rabin fuskar da kunnen, a faɗa masa mutum ɗari shida da arba'in, a faɗa masa gona ɗari huɗu da goma sha biyu. Duka adadin gaskiya ne, kuma yawanci mutum yakan ba da aikin.

Alhaji Mahadi ya ce kati tara ne a gwangwanin. Uku daga ciki Mudi ne ya kai su da kansa ya sayi iri kilo shida, kuma har yau ba shi da gona.